Koren da ke Ƙarƙashin Ƙusa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawu ya koma ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke gidan haya a unguwar Williamsville ta birnin Abidjan, yana jingine da bango, domin tari ya daɗe da hana shi kwanciya rigingine. Yayan mahaifiyata ne, mai fenti, mai rubuta allunan shaguna, wanda ya fi shekara talatin yana sana'arsa a wani ɗan lungu a Treichville.

Kafin azahar tsakar gida ta cika. Maƙwabtanmu mata suna shigowa suna cewa Inna, matarsa, "yako, yako," kamar yadda ake jaje a garin nan. Mahauta sun zo daga kwata ko rigunan aiki wasunsu ba su cire ba. 'Yan kasuwar shigo da kaya sun haye gada daga Treichville, kowa da carbinsa da wayarsa. Wata tsohuwa mai sayar da acake, abincin rogon nan da ake ci da kifi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka kamar ubanta ne ya mutu, har sai da aka kama ta aka zaunar. Ban san ta ba a lokacin.

Bayan mun dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, aka shiga faɗin alherinsa. Wannan ya ce bai taɓa jin an yi cacar baki da shi a kan kuɗin aiki ba. Wancan ya ce allon da ya rubuta masa ya ga aurar da 'ya'yansa uku. Sai wani dattijo daga cikin mahauta ya nisa ya ce, "Allah ya jiƙansa. Hannu ne da shi na gaske. Sai dai ido ne ya ci amanarsa a ƙarshe."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Daga bayan labule muka ji muryar Inna, wadda tun safe ba ta ce uffan ba sai salati. Ta ce, "Idonsa bai ci amanarsa ba, Malam. Mutum ne ya ci." Wani ya yi maza ya ce a yi wa mamaci Ƙulhuwallahu, aka ɗaga hannuwa, maganar ta wuce a wurin kowa ban da ni. Na san mutumin da take nufi, domin a kan tabarmarta yake zaune yana shan ruwan gidanta.

Wannan maganar ta ido ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙarya ce, kuma ni na shuka ta. Ba na so Kawu ya tafi da ita a maƙale a sunansa.

Amma bari na fara da shi kansa, don bai kamata kunyata ta riga shi shiga gaba ba.

Kawu gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ban taɓa ganin farcensa na babban yatsa ba tare da fenti a gindinsa ba, ko ranar sallah. Ba mai yawan dariya ba ne, amma ya iya tsokana mai zafi wadda sai ka yi nisa za ka gane da kai ake. Yana da dokoki da ba ya karyawa ko sarki ne ya zo. Ba ya duba launi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ba ya duba launi bayan la'asar. In ka matsa masa sai ya ce, "Hasken yamma maroƙi ne, kowa kyakkyawa ne a bakinsa. Dawo da safe." Mutum zai biya kuɗin tasin woro-woro tun daga unguwar Adjamé, Kawu ya mayar da shi gida hannu rabbana saboda rana ta karkata.

Ma'auninsa gwangwanin tumatir ne, babba da ƙarami, da wani cokalin shayi da wutsiyarsa ta lanƙwashe. Da su yake haɗa kowane launi, yana motsa baki kamar mai lazimi. In ya gama haɗawa sai ya shiga can ƙuryar shago, ya buɗe wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin tebur, ya yi wani abu a ciki na ɗan lokaci, ya rufe. Ba ya barin akwatin a buɗe, ba ya bari kowa ya leƙa. Mu a gida mun ɗauka laya ce ko wani asirin sana'a, muna yi masa dariya a bayan ido.

Akwai abin da yake yi duk shekara in azumi ya gabato. Sai ya ɗauki ƙaramin gwangwani da buroshi siriri ya tafi maƙabartar Williamsville, ya bi 'yan allunan ƙarfen da ake kafawa a kan kaburbura, duk wanda ruwa da rana suka cinye sunansa ya sake bi masa. Yawancinsu baƙi ne irin namu, waɗanda suka zo neman abinci suka mutu nesa da danginsu. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Na taɓa tambayarsa amfanin hakan tunda baɗi ma zai sake gogewa. Ya ce, "Kai ma kullum kake wanke fuska."

Tsohuwar nan mai acake kuwa, daga baya na ji labarinta daga bakin Inna. Da mijinta ya mutu aka kore ta daga inda take ajiye tebur, ta koma wani saƙo da ba mai ganin ta. Kawu ya wuce ya gan ta zaune da kaya ba mai saye. Washegari ya dawo da falankin katako ya zana mata kifi ja, ƙato, mai buɗaɗɗen baki, ya kafa a bakin titi da kibiya tana nuna saƙon. Ba ta iya karatu ba, masu sayenta da yawa ma haka, amma kowa ya gane kifi. Da ta kawo masa kuɗi ya ce ta kai wa kifin.

Babban abokin cinikinsa shi ne marigayi Alhaji mai nama, wanda ke da shaguna a Adjamé da Treichville da motocin sanyi masu kai nama kasuwanni. Alhaji da fataucin goro ya fara kafin ya shiga fawa. Kawu ya sha ba mu labarin ranar da ya zo masa da ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi, jiƙe da ruwa, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Wannan koren nake so. Shi ya fara ba ni abinci a ƙasar nan." Kwana huɗu Kawu ya yi yana haɗawa yana zubarwa, Alhaji na aiko masa da sabon ganye kowace safiya don na jiya ya yi yaushi. A rana ta biyar Alhaji ya duba ya ce shi ne. Tun daga ranar, ƙofofinsa da motocinsa da allunansa duk da wannan koren ake shafa su, har ya zama in ka ce wa mai gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ya sauke ka a "koren nama" ya san wurin.

Ni kuma na tashi na yi karatu na zama mai tsara zane a kwamfuta. Kawu ne ya biya rabin kuɗin makarantar, ya kuma laƙaba mini suna Malam Lamba, saboda na taɓa gaya masa cewa a sana'armu kowane launi yana da lambarsa. Muna da wani littafi mai ɗaruruwan katuna da ake bazawa kamar mafici, kowane kati da launinsa da lamba a ƙasansa. In ka san lambar koren kamfani, ka aika ta maɗaba'a ko a wace ƙasa take, za su bugo maka shi daidai, a takarda ko a leda ko a jikin mota. Na yi masa wannan bayani ina ji da kaina. Ya juya littafin a hannu, ya yaba takardar, ya ce abu ne mai kyau. Sannan ya ce, "To amma wa zai gaya wa littafin wanne ne koren?"

A lokacin ban ɗauka tambaya ce ba.

Da Alhaji ya rasu, babban ɗansa ya gaji harkar. Sa'ana ne, a Abidjan aka haife mu duka, Faransancinmu ya fi Hausarmu gudu. Yana so ya zamanantar da komai: ledoji masu tambari, rigunan ma'aikata, talla a waya, da sababbin motoci. Ya kira ni ya ce na fitar masa da lambar koren gidansu, a rubuta ta a takarda, duk wanda zai yi musu aiki daga yau ita zai bi. Wannan ne babban aikin da na taɓa samu, kuma na so na yi shi ba tare da an ce kawuna ne ya riƙe mini hannu ba. Shi ya sa ban haye gada na tambaye shi ba. Gaskiyar ke nan, ba wani dalili.

Na ɗauki littafina na nufi babban shagonsu na Adjamé, inda allon farko yake, wanda kowa ya sani, wanda Kawu ya shafa tun Alhaji na da ƙarfinsa. A ganina ai nan ne asali. Na hau tsani da tsakar rana, na yi ta ɗora katuna a kan allon har na sami wanda ya saje da shi, ba ka iya gane inda kati ya ƙare allo ya fara. Na rubuta lambar. Aka buga ledoji dubbai, aka ɗinka riguna, aka liƙa wa motoci. Kowa ya ce ya yi kyau.

Bayan 'yan watanni suka buɗe sabon shago a Treichville, aka ba Kawu shafa ƙofa kamar yadda aka saba. Ranar da ya gama, ɗan Alhaji ya zo da motarsa mai sabon kore ya faka a gaban ƙofar. Ko makaho ya san ba ɗaya ba ne. Na motar fayau, ya yi haske yana neman komawa ruwan toka. Na ƙofar kuwa kore shar, mai duhu, kamar da ruwa a jikinsa. Ɗan Alhaji ya kira ni a waya ya ce na zo da littafina yanzu.

Na tarar da mutane sun taru, mahauta da masu dako da 'yan kallo. Kawu na zaune a kan gwangwanin fenti yana goge buroshi da tsumma. Ɗan Alhaji ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, kai ne mai ilimin abin. Sa katinka ka gaya mana." Na ɗora katin a kan ƙofar Kawu. Bai saje ba, ko kusa.

Na ce, "Kawu, wannan ya yi duhu. Ba shi ne koren gidan ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Ina ka samo naka?"

"A babban allon Adjamé. Aikinka ne ai."

"Wanda ke fuskantar gabas? Shekara nawa rana na cin sa?" Ya ajiye tsumman. "Malam Lamba, gawa ka auna, ka zo kana ƙaryata mai rai. Je ka zare ƙusa ɗaya daga allon nan ka duba ƙarƙashinta. Guda ɗaya tak."

Mutane suka yi dariya, ni kuma raina ya ɓaci, don a gaban wanda ya ba ni aiki ake kirana da sunan tsokana. A lokacin farar yana ta ɗan fara fito masa a idon hagu, duk gida mun sani. Sai na juya wajen ɗan Alhaji na ce, da Faransanci, wai don kada Kawu ya ji zafi, "Ka yi haƙuri da shi, idonsa ne ya fara tafiya." Kawu ya fi shekara arba'in a Abidjan. Ya ji kowace kalma, haka ma duk wanda ke wurin.

Ya rufe gwangwaninsa ya danna murfin da dunduniya, ya ɗauki kayansa ya tafi. Cikin makon aka kawo wani ya sake shafe ƙofar da lambata.

Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya zagayo, daga kwata har bakin tashar jirgin ruwa ta Treichville an san cewa idon mai fenti ya tafi. Mutanen da suka yi shekaru suna kawo masa aiki suka riƙa gaishe shi daga nesa. Shi kuma ba mai bin mutum yana rantsuwa ba ne. Ya ci gaba da buɗe shago da safe yana zama, har ranar da ya ga zaman ba shi da amfani ya kwaso kayansa ya dawo Williamsville. Daga nan tarin da warin fenti ya shuka masa shekara da shekaru ya samu fili.

Mahaifiyata ta yi mini faɗa, ta yi kuka, ta ce na je na ba shi haƙuri. Na je sau biyu a cikin shekara biyu, da buhun shinkafa da magani, kamar mai ziyarar baƙo. Na ba shi haƙuri a kan cewa na yi maganar a gaban mutane. Ban ba shi haƙuri a kan maganar kanta ba, domin har lokacin na yarda da katina. A zuwa na biyu ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Da na miƙe zan tafi ya ce, "Ka zare ƙusar?"

Na ce, "Aiki ya yi yawa, Kawu. Zan je."

Ya ce, "To. Allah ya yi albarka."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Daga ofishina zuwa allon nan bai kai tafiyar minti ashirin ba.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta sa aka kira ni. Ba ta dube ni ba. Ta tura mini akwatin ƙarfen nan da ƙafa ta ce, "Ya ce a ba ka. Ya ce ka buɗe da safe, a inuwa, kuma kada ka bar shi a buɗe."

Ba laya a ciki, sai tsummoki da gwangwanayen tumatir biyu da cokalin nan. Abin yana jikin murfin, ta ciki. Layi-layi ne na shaidar babban yatsa, kowane mai shago da layinsa da sunansa da ajami. Duk ranar da Kawu ya haɗa wa mutum launi sai ya dangwala yatsa kusa da na baya, ya gwada, sannan ya rufe don kada haske ya taɓa su. Layin Alhaji ya fi kowanne tsawo, ya kai ƙarshen murfin ya juyo. Na bi shi tun daga dangwalen farko, wanda har ya fara tsagewa don tsufa, zuwa na ƙarshe, na ƙofar Treichville. Duk kore ɗaya ne. Na baza littafina ina neman inda ya kauce ko da kaɗan, don na sami abin riƙewa. Ban samu ba.

Ranar na hau gbaka na tafi Adjamé da filaya a aljihu. Na roƙi tsani, na hau, na kama wata ƙusa mai faɗin kai a kusurwar allon na murɗa. Tsatsa ta riƙe ta, sannan ta saki. A ƙarƙashinta akwai ɗan zagaye da bai fi tsabar kuɗi ba, kore shar, kamar jiya aka shafa. Na daɗe a kan tsanin nan har mai shi ya ɗaga murya ya tambaye ni ko jiri nake ji.

Na je wurin ɗan Alhaji da murfin akwatin a naɗe cikin zane, da lambar gaskiya da na fitar daga jikinsa. Ya duba, ya ce lallai kamar haka yake tuna ƙofar gidansu yana yaro. Sannan ya mayar mini da takardar ya ce, "Mon frère, c'est fini, magana ta ƙare. Mutane sun saba da wannan. Motoci nawa, ledoji nawa? Allah ya jiƙan tsoho, mu bar abin haka." Na ce to aƙalla ya faɗa wa mahauta cewa Kawu ne ke da gaskiya. Ya ce wannan ai tsakanina da kawuna ne. A nan bai yi ƙarya ba.

Ranar addu'ar arba'in, bayan an shafa fatiha, na miƙe a gaban dattawa na faɗi abin da ya faru, da Hausata mai ɗingishi, ban saka Faransanci ko ɗaya ba. Na zagaya da murfin kowa ya gani. Dattijon nan da ya yi maganar ido ya ce, "Allahu Akbar," ya sunkuyar da kai. Wasu suka ce na yi ƙoƙari. Wasu sun riga sun fara neman takalmansu. Inna ba ta fito daga bayan labule ba, kuma ban ga laifinta ba. Wanda ya kamata ya ji ba ya wurin.

Har yau motocin naman suna wuce ni a kan gada, sanye da koren da na auno daga allon da rana ta kashe. Lambata ce a jikinsu, kuma ba za ta taɓa sauyawa ba, don aikin lamba ke nan. Duk maɗaba'ar da aka aika wa za ta maimaita kuskurena daidai, ba ragi ba ƙari.

Da azumi ya gabato na ɗauki gwangwanayen tumatir da cokalin na zauna a tsakar gidan Inna. Kwana uku ina haɗawa ina zubarwa. A safiya ta huɗu na dangwala yatsana kusa da nasa na ƙarshe, na miƙa mata murfin. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Rufe, haske na shiga."

Na tafi maƙabarta na shafa ɗan allon ƙarfen da ke kan kabarinsa da koren, na rubuta sunansa da fari. Mai gadi ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "Wannan kalar ba ta jure rana a nan, patron. Kafin baɗi ta koɗe."

Na ce na sani, zan dawo.

Ya nuna mini layin kaburburan da ke gaba, waɗanda sunayensu suka fara gogewa. Ya ce, "Da akwai wani tsoho da yake zuwa yana bi musu. Shekara biyu ke nan ban gan shi ba. An ce wai idonsa ne ya mutu."

Na ce, "Idonsa lafiya lau. Ni ne ban duba ba."

Bai gane ba, ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Na ɗauki buroshin na matsa kabari na gaba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini, don ban tambaye shi ba lokacin da yake iya amsawa.